Filasmid mai gurbin NF-κB: in haɗa da Golden Gate ko in saya?

Hadiza_Biokem:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, ina duba ko ruwan ganyen zogale na rage kumburi a ƙwayoyin HEK293, wato ƙwayoyin halittar ɗan adam da ake rainawa a ɗakin gwaje-gwaje. Malamina na son filasmid, wato ƙaramin zoben DNA, mai ɗauke da gurbin da furotin NF-κB, mai kunna kumburi, ke sauka a kai, wato GGGACTTTCC, jere sau 5, sai ƙaramar furomota (makunnin sashen da ke biye da ita), sai lusifares (inzayim mai ba da haske). In an zuba TNF-alfa, furotin mai tayar da kumburi, haske ya tashi, in zogalen ya yi aiki ya ragu. Akwai kayan MoClo a firizarmu, wato sassan DNA da ake harhaɗawa ta hanyar Golden Gate (yanka da manna sassa da yawa a lokaci guda). Zan iya haɗawa da su, ta yadda gobe in cire gurbin NF-κB in sa CRE, gurbin wani furotin na daban, ba tare da na koma farko ba?

Dakta_Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ai don irin wannan aka yi MoClo, tun da su Marillonnet suka fito da shi a Halle ta Jamus a 2011. BsaI, inzayim mai yanka DNA, na gane jerin GGTCTC amma a gefe yake yanka, ya bar baki mai haruffa 4 da ke ce za ki zaɓa. Ki mai da gurabun nan sashe guda mai farawa da GGAG ya ƙare da TACT, ƙaramar furomotar kuma daga TACT zuwa AATG. Ranar da kike son CRE, wato TGACGTCA, sashen farko kawai za ki sauya. Ki yi odar oligo biyu, wato gajerun zaruruwan DNA, masu dacewa da juna, ki dafa su a digiri 95 su huce a hankali. Ki tabbata babu GGTCTC ko GAAGAC (jerin da inzayim BpiI ke ganewa) a ciki, in ba haka ba inzayim zai datse miki aiki a tsakiya. Sannan ki duba takardun kayan firizar nan, yawancin sassan MoClo na tsirrai ne. Ke wutsiyar SV40 kike buƙata, wato sashen rufewa mai aiki a ƙwayoyin mutum da dabbobi, ba nos ta tsirrai ba.

Ɗanjuma:
Dakta ya gama magana, amma 'yar'uwa ki yi hattara da maimaicin. Bakteriyar E. coli, wadda za ki yawaita filasmid ɗin a cikinta, ba ta ga maciji da jeri iri ɗaya a jere, takan zubar da wasu, ki sa 5 ki tarar da 3. Ki bambanta haruffan da ke tsakanin gurabun, ki yi amfani da nau'in E. coli na Stbl3 ko NEB Stable a digiri 30, ki kuma aika a karanta jerin kafin komai. Addgene, ma'ajiyar filasmid, na da irinsa a shirye, sai dai dole jami'arku ta sa hannu a takardar yarjejeniya kafin su turo.

Maman_Ilham:
Ni ba haɗawar ce ke damuna ba. Haske ya ragu, to wa ya ce NF-κB ne? Wataƙila ruwan ganyen ya kashe ƙwayoyin, ko ya danne lusifares ɗin kansa. An san sinadarin resberatirol na yin haka. Ki haɗa filasmid na biyu da aka lalata gurabunsa, ki sa Renilla, wani lusifares na daban, a matsayin ma'auni, ki gwada ko ƙwayoyin na raye. Ranar kare aiki wannan za a fara tambayar ki.

Hadiza_Biokem:
Na gode, Allah ya saka. Anti, Renilla ɗin a filasmid daban zan sa, ko in haɗa su biyun a mataki na 2 na MoClo da BpiI?