Muhawara kan mutanen Alamut da wasan da ya ɗauke hankalin yaranmu

Uba daga Rikkos: Jama'a, raina ya ɓaci. Ɗana ya kwana yana buga wasan bidiyo na Assassin's Creed, wanda kamfanin Ubisoft ya fara fitarwa a 2007, ya wayi gari yana gaya mini akwai ƙungiyar asiri da ke kare 'yancin ɗan Adam tun fil azal. Ƙirƙira ce, amma an jingina ta da mutanen Hasan Sabbah, wanda ya kama sansanin Alamut a Iran a 1090. Don me za a mayar da 'yan sara-suka jarumai a idon yaranmu?

Ɗalibi daga Unguwar Rogo: Baba, da girmamawa, kiran su 'yan sara-suka zalunci ne. Isma'ilawa Nizarawa ne, wani reshe na Shi'a, masu daula da sansanoni da ɗakin karatu, kuma sun riƙe Alamut har Mongolawan Hulagu suka karɓe shi a 1256.

Malamin Islamiyya: Ɗana, ɗakin karatu ba ya wanke jini. A watan azumi na 1092 suka soke waziri Nizamul Mulk, wanda ya gina makarantar Nizamiyya ta Bagadaza inda Imam Gazali ya karantar, kuma sau biyu suka nemi ran Salahuddin. Wanda ya ɓoye wuƙa a riga ya soki mutum, wane suna ya fi dacewa da shi?

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, sun kuma kashe Konrad na Montferrat, jigon 'yan Salibiyya, a 1192, amma ba ka faɗi wannan ba.

Hajiya daga Gangare: Ba na mamakin mai kare sara-suka ya fito daga unguwar da ya fito.

Ɗalibi: Hajiya, ki janye wannan magana. Unguwarmu ta fitar da malamai da mahaddata, kuma ɓata-gari babu unguwar da ta rasa su a Jos.

Hajiya: Ni sa'ar mahaifiyarka ce, ba za ka ba ni umarni a bainar jama'a ba.

Mai kula da zaure: Na rufe muhawarar. Malam ya kawo hujjar da ba a iya turewa ba, sunan da Baba ya ba su ya tabbata, kuma ɗalibi ya nemi afuwar Hajiya kafin ya sake rubutu a nan.