Igiyoyin kwale-kwalena mai tafiya da iska sun ruɓe, wace iri zan saya?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar ruwa ku taimaka min. Na sayi ɗan kwale-kwale na hannu, irin mai ƙyallen da iska ke turawa, tsawonsa ƙafa 14 ne, yanzu haka yana bakin tafkin Jabi. Jikinsa lafiya lau, wayoyin ƙarfen da suka riƙe doguwar sandar da ake ɗaga ƙyallen a kanta ma ba tsatsa, amma igiyoyin sun gama aiki, kana taɓawa gari na zuba a hannunka, ta ɗaga ƙyallen ma ta fara tsinkewa. Ina so in canza su duka kafin iskar hunturu ta kankama, yarana sun ƙosa. Shuɗiyar igiyar nan da muke ɗaure kaya da ita za ta yi?

Injiniya Gwarinpa:
Wa alaikumussalam Baban Ummi. Shuɗiyar nan kar ka soma, roba ce zalla, rana na cinye ta da wuri, ga santsi ga yankan hannu. Nailan ma ba ta dace ba saboda tana miƙewa, ka ɗaga ƙyalle ya tsaya cak an jima ka ga ya saki, ita aikinta ɗaure jirgi a bakin ruwa ne. Foliyesta saƙaƙƙiya za ka nema, tana jure rana kuma miƙewarta kaɗan ce. Ta ɗaga ƙyalle milimita 5 ko 6 ta isa, tsawonta ka ninka tsayin sandar biyu ka ƙara kamar mita ɗaya. Wadda kake riƙewa a hannu kana sarrafa ƙyallen kuwa sa milimita 8, ba don ƙarfi ba, don kar ta ci maka tafin hannu. Akwai Dyneema, wata irin igiya mai ƙarfi da kusan ba ta miƙewa, amma tsada, ga yawon Jabi ba ka buƙatarta.

Ɗan Rayfield:
Yallaɓai ni abu ɗaya zan roƙe ka, KAR KA ZARE TSOHUWAR IGIYAR tukuna. Ni na yi wannan kuskuren, na fizge ta daga cikin sandar ina murna, sai da muka kwantar da sandar ƙasa muna zura waya kusan wuni guda kafin sabuwar ta shiga, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ka haɗa bakin sabuwar da bakin tsohuwar, ka ɗinke da allura da zare mai ƙarfi, ka naɗe da salatif siriri yadda ba zai yi ƙulli ba, sai ka ja tsohuwar a hankali ita za ta shigo maka da sabuwar. Kuma ɗaya bayan ɗaya, ka ɗau hoto da waya kafin ka kwance komai.

Injiniya Gwarinpa:
Gaskiyarsa. Ka duba ƴan tayoyin da igiyar ke bi ta kansu ma, in ɗaya ta tsage ko ƙura ta hana ta juyawa haka za ta cinye sabuwar. Bakin igiyar kuma ka ƙona da laita kar ta warware.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, da yau ɗin nan zan zare su wallahi. To tunda tsohuwar ta fara tsinkewa, in ta katse a ciki ina cikin ja fa?

Ɗan Rayfield:
Kwantar da sandar ƙasa kafin ka fara ja, a kwance ba nauyi a kanta. Ka sa babban yaronka yana tura sabuwar ta ɗaya ɓangaren.