Ruwa na tsattsafowa a gindin madatsar garinmu, in tayar da Inna ko in bari?

Manomin Riɗi, Gadarif:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin ruwa ce. Ƙauyenmu na kudu da Gadarif a ƙasar Sudan, kuma akwai wata 'yar madatsa ta ƙasa da aka tare kwarin bayan gari da ita tun ina yaro ina kiwon awaki. Yau ga furfura a gemuna. Babu siminti a jikinta sai gefe guda, inda aka yi mafitar da ruwa ke bi idan ya cika. Ita muke sha, mu da dabbobi, daga kaka har zafin Afrilu.

Jiya da safe na bi ta ƙasanta zan je gona, sai takalmina ya nutse. Wurin bai fi faɗin tabarma biyu ba, ciyawa ta yi kore shar, ruwa na ɓulɓulowa a hankali kamar tukunya ta soma tafasa, alhali kwana huɗu rabonmu da ruwan sama. Na hau bangon na duba. Itatuwan ƙaya sun girma a kansa, ga ramukan gafiya, ga wata tsaga da sandata ta shige har rabi. Abin da ya fi ci mini rai, bara mutanen gari suka jera buhunan ƙasa layi uku a bakin mafitar don ruwa ya ƙara taruwa. Ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki, buhu shida na kai da keken jakina.

Gidan Inna shi ne na uku daga bakin kwari. Sau biyu ina kai maganar ofis, an rubuta, an ce injiniya na tafe. In tayar da ita ne, ko tsoro ne kawai ke damuna?

Tsohon Mai Gadin Ruwa, Wad Madani:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ba injiniya ba ne, amma na tsufa a bakin magudanan ruwan gonakin Jazira, na ga yadda bangon ƙasa ke cin kansa.

Kowace madatsar ƙasa tana zufa, wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Launin ruwan za ka duba. Ka ɗebo a kwalba mai haske, ka bar shi ya kwana. In ya wayi gari garau, da sauƙi. In laka ta kwanta a gindin kwalbar, to ruwan na yashe cikin bangon ne, yana haƙa wa kansa hanya daga waje zuwa ciki kamar gara a azara. Ido zai ga bango tsaye lafiya lau, amma ranar da ramin ya haɗu da tafkin, ba a samun lokacin kwashe kaya.

Kada ka liƙe wurin da laka, zai ɓulle ta wani gefen ne. A zuba yashi mai tsabta, a bi da tsakuwa a kai, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Ka kafa turaku a gefen damshin, ka riƙa dubawa safe da yamma ko ya wuce su.

Ƙananan itatuwa a sare. Manyan kuwa kada a sare a bar saiwa, in ta ruɓe ta zama bututu. A jira rani ruwa ya ja, a tono su har saiwa, a cike ramin a daddaɓe sosai. Ita ma tsagar ba baƙuwa ba ce a baƙar lakar Gadarif, da rani take dararrewa, amma wadda ta ratsa bangon daga gefen tafki zuwa gefen gari ita ce muguwa. Ka duba inda taku ta dosa.

Buhunan nan su suka hana ni barci. Mafita ita ce hancin madatsa, kun toshe mata hanci. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya haura ta kansa, nan take yake zaizayewa. Ku cire, amma layi ɗaya bayan ɗaya, da rana, bayan an janye yara da dabbobi daga kwarin.

Uwar Biyu, Bur Sudan:

Yayana, ka ɗauke Inna tukuna, ka yi awon kwalbar daga baya. Madatsar Arba'at da ta fashe a Agustan 2024 tana arewa da mu da kusan kilomita 40, ita ce ke shayar da garin nan a lokacin, kuma an gina ta ne ta riƙe mita kubik miliyan 25. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙauyuka kusan 20 ruwan ya share. Waɗanda suka tsira kan duwatsu suka hau. Mu da ke cikin gari kuma muka koma tsere da masu sayar da ruwa, har na riƙa yi wa yaran nan wanka da buta ɗaya. In wadda ke shayar da babban birni ta tafi haka, wa zai zo ya duba taku kafin damina ta wuce?

Mai Shanu, Damazin:

Ina tare da Baba a kan kwalba, amma maganar buhu da sauƙin faɗa daga Madani. Su wa za su biya kuɗin tankar ruwa a watan Maris? Mutane ba don hauka suka jera buhu ba, laka ce ta cika tafkin, abin da yake ci a da yanzu ba ya cin rabinsa, kuma ba wanda ya zo yashewa. Na san madatsar Bout ta fashe a nan jiharmu a ƙarshen Yulin 2020, ta rushe gidaje sama da 600, ban manta ba. Amma ƙishirwa ma kashe shanu take. A cire layi ɗaya, a bar biyu.

Tsohon Mai Gadin Ruwa, Wad Madani:

Malam, in bangon ya tafi, a Maris ɗin ba rabi ba, ko kwatankwacin tulu ba za ku samu ba. Gyaran laka yashewa ne da rani, da gayya in babu katafila. Shi ma yashin kada a haƙa kusa da gindin bango.

Manomin Riɗi, Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, kwalbar ta kwana, lakar da ta kwanta ta kai kaurin farce, damshin kuma ya wuce turke ɗaya da taki guda. Tsagar dai tsawon bangon ta bi, ba ta ratsa ba. Na kai kwalbar masallaci bayan Juma'a, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har liman ya ɗaga ta a hasken taga. An yi ta gardama irin ta Mai Shanu, a ƙarshe aka cire layi biyu, na ukun masu shanu suka ce sai dai a bi ta kansu. Samari huɗu za su riƙa kwana a kan tudu da tocila da ganga duk daren da hadari ya haɗu.

Inna ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan ta haife mu. Sai da ƙanwata ta ce jaririnta ba ya barci sai a bayan kaka, sannan ta yarda ta riƙa kwana a gidansu da ke kan tudu. Da asuba take komawa wajen kajinta. Gobe zan ɗauko yashi, Baba, kaurin yaya za a zuba kafin tsakuwar?