Abin da aka ce kan tunawa da Kaka mafarauci

Na bi duk amsoshin da aka ba ɗan'uwanmu da ya rasa kakansa, tsohon mafarauci, ya kuma tambayi abin da zai yi don tunawa da shi. Ga abin da na tsinta:

1. Addu'a da biyan bashinsa. Nan baki ya zo ɗaya.
2. Sadaka mai gudana: rijiya, ko a dasa itatuwa a gonarsa.
3. A ɗauki muryar abokan farautarsa a waya tun suna raye, su faɗi kirarinsa da yadda yake bin sawun gada. Wannan ta fi burge ni.
4. A yi masa takwara.

An rabu kan sadakar uku, bakwai da arba'in: wasu na yi, wasu sun ce bidi'a ce. Haka ma bindigar tokarsa: a sa ta cikin gado, ko magada su bar wa yaron da ya koya wa dawa.