Don Allah me za mu kira fosil da Hausa? Litinin nake da darasi

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya zo min da tsaraba, wani dunƙulen dutse daga Mazon Creek a jihar Illinois, inda mutane ke tsintar irinsa su tara. Ya rabe biyu kamar an ɓare goro, a ciki ga ganye kwance, kowace jijiya ta fito raɗau. Na tsiron nan ne marar fure da ya cika dazuzzukan fadama sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, dazuzzukan da suka binnu suka zama kwal. Da na nuna wa yara sai suka ce ganyen ɗorawa ne. To ganyen zan iya bayaninsa, amma shi fosil ɗin fa, wato abin da ya rage na halittar da can a cikin dutse, me zan kira shi?

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam. Burbushi mana, haka ake ji a rediyo.

Malamar Kimiyya: Na gwada, Yaya. Wani yaro ya ce ai burbushi na ƙuli-ƙuli ne. Kuma wannan ganyen cikakke ne, ko gefensa bai gutsure ba.

Bahaɗeje: Sawu fa? Tunda ganyen ya tafi, gurbinsa ya rage.

Ɗan Gumel: Sawu zai yi wa ganye, ba zai yi wa ƙashin dabbobin nan da ake haƙowa a Gadufawa ta Nijar ba. Can ƙashin ne kansa ya koma dutse.

Tsohon Hedimasta: Ku dakata. Hausa ba ta gaza ba, mu ne muka yi lalaci. Daga Hausa muka sami hausanta, daga gurgu gurgunta. To daga dutse sai dutsanta, abin kuwa dutsantacce, jam'i dutsantattu. Shekara da shekaru ina faɗin wannan. Sannan 'yata, daina cewa kwal, gawayin ƙasa ne.

Bahaɗeje: Allah ya gafarta Malam, a Jigawa in ka ce dutsantacce, za a ɗauka wanda ya sami aiki a Dutse ne ya daina zuwa gida da Sallah.

Tsohon Hedimasta: Ga irinta nan. Da Bature ne ya ƙirƙiro ta da tuni kun haddace. Ku da ba ku rarrabe ƙa da ka a rubutu.

Bahaɗeje: Wayata ce ba ta da lanƙwasa wani lokacin, Baba. Kuma fensir da tebur ɗin da kuka koyar da mu da su, daga Daura suka zo?

Ɗan Gumel: Gawayin ƙasa ma zai rikita yara. Gawayi wuta ce ke yinsa a kwana biyu, kwal kuwa danniya ce da zafin cikin ƙasa. Af, Malama, kada ki haɗa musu da kwal ɗin Inugu da aka gano a 1909. Wannan daga baya ƙwarai ya samu, ba na zamanin ganyenki ba.

Malamar Kimiyya: Na gode da wannan, saura kaɗan in haɗa. To ga abin da zan rubuta a allo: burbushin halittu a matsayin sunan gaba ɗaya, tunda shi za su ci karo da shi a waje. Wannan na hannuna kuma tambarin ganye a dutse. Baba, zan faɗa musu dutsantacce da baki, in ga ko za ta zauna.

Tsohon Hedimasta: Da baki kawai? To shi ke nan. Amma kalmomi huɗu inda ɗaya ta isa, ni dai ban sa hannu ba.

Bahaɗeje: Malama, ki ƙirga ɓari biyun kafin a tashi. Na san yaran Ringim.