Sabwufa ɗaya ko biyu a babban falo? Kiɗa kawai nake saurare

Mai Falo, Gwarinpa:
Assalamu alaikum jama'a. Falon tsawonsa mita 9, faɗi mita 6, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Ƙasan tayil ne, silin fi'ofi, bango na bulo da siminti. Akwai sifikoki dogaye guda biyu da ke sauka zuwa 45 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), da amfilifaya ta sitiriyo. Ba fim ba ne, kiɗa ne zalla. Matsalar ita ce bes: a wata kujera ƙugin kamar zai fasa ƙirji, a ta kusa da ita babu shi sam. In sayi sabwufa, wato sifikar da ke fitar da bes kawai, ɗaya babba mai inci 15, ko biyu masu inci 12 da kuɗin guda?

Injiniyan Sauti, Wuse:
Wa alaikumus salam Malam. Biyu, amma ba don ƙarin ƙara ba. Abin da ke damunka ɗakin ne, ba sifika ba. Sauti na tafiya mita 343 a daƙiƙa. Ka raba 343 da ninkin tsawon kowane gefe, za ka sami Hz ɗin da ɗakin ke riƙewa yana amsa kuwwa, haka ma ninkinsa biyu da uku. Tsawon mita 9 ya ba da 19, 38 da 57 Hz. Faɗin mita 6 ya ba da 29 da 57. Tsayin mita 3 shi ma 57. Ka ga su uku sun taru a 57 Hz, daidai inda gangar bes da jita mai kauri suke zama. Bangon siminti da tayil kuma ba sa shanye komai, sai su dawo da shi cif. Shi ya sa wata kujera ta cika, wata ta zama rami.

Sabwufa ɗaya, komai girmanta, daga wuri ɗaya take tunzura ɗakin, don haka ramukan nan suna nan. Biyu kuwa kana iya sa ɗaya ta kashe abin da ɗayar ta tayar. Ka jera su a bangon gaba, kowace mita 1.5 daga bangon gefenta, wato kwata da kwata uku na faɗin. A nan 57 na faɗi ba ya tashi, 29 kuma suna soke shi a tsakaninsu. In akwai hali, gwada ɗaya a tsakiyar bangon gaba, ɗaya a tsakiyar na baya. Wannan yana kwantar da 19 da 57 na tsawo. Kuma kada kujerar sauraro ta zauna daidai tsakiyar tsawon falon, nan ne ramin ya fi zurfi. Idan falon a buɗe yake zuwa wurin cin abinci, lissafin zai ɗan goce, sai awo.

Ɗan Jos:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai Malam ya duba ingancin na inci 12 ɗin. Falon nan ya haura mita kubik 160. Biyu marasa ƙarfi da ke ƙarewa a 40 Hz ba abin da za su ƙara wa sifikokin da ya riga ya mallaka. A nemi wadda ke kai 25 Hz. In kuɗin bai kai ba, a sayi ɗaya mai kyau yanzu, a ƙaro irinta sak daga baya. Kada a haɗa rufaffiyar akwati da mai bututun iska, domin can ƙasa sautinsu ba ya tafiya tare, sai su riƙa cin juna.

Ga mai guda ɗaya: ɗora ta a kan kujerar da kake zama, saka kiɗa mai bes, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji kowane sauti ya fito daidai, ba inda ya fi ƙara ba, nan ne mazauninta. Kujera ɗaya wannan ke gyarawa fa, ba falon duka ba.

Mai Falo, Gwarinpa:
Na gode ƙwarai. In biyun ne, ɗaya ta ɗauki hagu ɗaya dama, ko su ci abu ɗaya? Kuma a Hz nawa zan yanke, wato iyakar da sabwufa za ta tsaya ta bar wa manyan sifikokin sauran?

Injiniyan Sauti, Wuse:
Su ci abu ɗaya, hagu da dama a haɗe. Sokewar da na bayyana ba ta aiki sai saƙon iri ɗaya ne, kuma ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito. Tunda sifikokinka na kai 45, fara yankewa a 50 ko 60, kada ka kai 80 sai in amfilifayar tana rage wa manyan sifikokin bes. Daidaita ƙarar kowace ita kaɗai, sannan ka kunna su tare ka ɗan rage, don haɗuwarsu na ƙara 3 zuwa 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti). Saka sautin gwaji a Hz ɗin da ka yanke, juya makunnin 0 da 180 da ke jikin sabwufa, wanda ke daidaita tafiyar sautinta da na sifikokin, ka bar inda ya fi cika a kujerarka. Manhajar REW ta auna sautin ɗaki kyauta ce. Da ita da makirfon awo irin UMIK-1 za ka ga tudu da rami, wato inda bes ya yi yawa da inda ya ɓace, da idonka. Tudun ana iya rage shi da ikwalaiza, na'urar da ke rage ko ƙara wani sashe na sauti. Ramin kuwa ko ka ƙara 10 dB ba zai cika ba, sai dai ka ƙona sifika, maganinsa matsar da akwatin ko kujerar.

Baban Wayarin, Kubwa:
Ƙari kan wuta. In ka ji gunji ba kiɗa, yawanci na 50 Hz ne na layin wuta: ka jona amfilifaya da sabwufa duka a soket ɗaya, ka cire wayar dish ka ji ko ya ɗauke. Don Allah kada a karya ƙafar at ta filogi, wato ta uku mai kai wuta ƙasa don kariya, rai ne. A sa sitabilaiza, a kashe su kafin a juya zuwa janareta. In ta wayar sifika za ka jona, duba littafin amfilifayar, akwai waɗanda in an haɗe baƙaƙen wayoyinsu biyu suke lalacewa. Tagogin almini da fitilun silin za su yi karkarwa tun kafin bes ya ƙoshi. A ɗaure su da roba, a sa wa akwatin ƙafafun roba a kan tayil.