Musayar Waƙa a Kan B.B. King da Jitarsa

Baba Mai Rediyo:
Sallama 'yan zaure, ku ɗan ba ni wuri,
B.B. King zan waƙe, gwanin bulus, kiɗan baƙar fatan Amurka, tun fari.
A 1925 aka haife shi a karkarar Misisipi, gidan haƙuri,
Ya tsinci auduga, ya tuƙa tarakta, ba sisi ba jari.
Ya rataya jita ya nufi Memfis da sauri,
Rediyon WDIA ya ba shi fili, sunansa ya zaga gari.

'Yar Damagaram:
Baba, ka yi tsallake, ina zancen gobara?
A Twist ta jihar Akansas, gidan rawa a karkara,
Maza biyu suka kaure, a kan mace suka fara,
Suka ture durom ɗin kananzir, wuta ta tashi da ƙara.
Kowa ya tsere, shi ya koma don jitar dala 30, wace dabara?
Rai guda kan katako da waya, ai wannan neman asara!

Mai Gurmi:
Haba ƙanwata, ba ki taɓa riƙe abin kiɗa ba,
Wanda ya tsere wa gonar auduga bai ga katako ba,
Abincinsa ya hango a wuta, bai tsaya lissafi ba.
Lucille sunan matar, ya raɗa wa jitar, bai bar sunan ya ɓace ba,
Duk jitar da ya riƙe daga baya, bai canza mata suna ba.
Ki kasa kunne: yana rera baiti, bai taɓa waya ba,
Sai ya yi shiru ta amsa, ba ta taɓa katse shi ba.
Yatsa ɗaya zai karkaɗa, ba ki ji kuka irin wannan ba.

'Yar Damagaram:
Yaya, na ji, amma mutum biyu wutar nan ta ci,
Sunan ma ya sa shi ne don tuna ya yi ganganci.

Baba Mai Rediyo:
Ku sassauta 'ya'yana, tafiyar da sauran nisa.
A 1956 kaɗai, sau 342 ya hau dandalin wasa.
A 1970 fursunonin Chikago ya je ya kaɗa wa da kansa,
A 1974, gabanin damben Ali da Foreman, ga shi a Kinshasa.
Kyautar Grammy 15, ga ciwon suga, ya ƙi aje jita ƙasa.
Ran 14 ga Mayu 2015 a Las Vegas aka yi rashinsa,
A Indianola ta Misisipi aka binne shi, harabar gidan tarihinsa.

'Yar Damagaram:
Wasa 342 a shekara, Baba, yaushe ya ga iyalinsa?
Aure biyu ya yi, duka suka mutu yana kan hanyarsa.